Gwajin HLA kafin fara magani: na yi, ga yadda na same shi

Wata uku ke nan da na yi gwajin nan, ana ta tambayata wai ya ci kuɗinsa kuwa, to bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Babban yatsan ƙafata ne ya kumbura cikin dare, ko mayafi ya taɓa shi sai na yi ƙara, likita ya ce gaut ne, wato ciwon gaɓa da ke zuwa in sinadarin yurik asid ya taru a jiki, zai ɗora ni a kan maganin allopurinol. Ni kuwa gabana ya faɗi, don na ga abin da wani magani, carbamazepine na farfaɗiya, ya yi wa yayata, sati biyu da fara sha sai zazzaɓi, ido ya yi jawur, leɓe ya ɗaye, fata na saluɓewa kamar wadda tafasasshen ruwa ya zubo wa, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Stevens-Johnson suka ce sunansa, Allah Ya sa da sauran kwana.

Shi ne likitan ya ce akwai gwajin HLA da ke nuna ko mutum na cikin masu haɗarin samun irin wannan daga allopurinol. Yadda na fahimta, HLA wasu ƙwayoyin gado ne a kan kuromosom na 6, aikinsu su riƙa nuna wa sojojin garkuwar jiki abin da ke cikin ƙwayar halitta don su gane ɗan gida da baƙo. Kowa da irin wanda ya gada. A jikin wasu sai maganin ya maƙale wa HLA ɗin, sojoji su rikice su far wa fatar mai gidan. A Taiwan aka gano alaƙar irin HLA da ake kira HLA-B*15:02 da wannan illa ta carbamazepine a 2004, sai ta HLA-B*58:01 da allopurinol a 2005, shi kuma abacavir na masu HIV ai yanzu ƙa'ida ce a duba HLA-B*57:01 kafin a ba mutum. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ma a 2020 ta ba da shawarar a gwada 'yan kudu maso gabashin Asiya da baƙaƙen fatar Amurka kafin allopurinol.

Shi kansa gwajin ba wahala, jini kwalba ɗaya, ba azumi ba komai, minti biyar na fito, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa tunda gado ba ya canzawa. Nan kam masu gwajin sun burge ni.

Inda suka ɓata min rai, sun ce sati ɗaya sai da na yi kwana 12 ina kiran waya, da sakamakon ya zo ta imel kuma shafi uku ne na lambobi da taurari, ba layi ko ɗaya da ɗan adam zai karanta ya gane, sai da na koma wa likita ya nuna min da biro cewa ba ni da 58:01. Wanda ya fi ba ni haushi, mai karɓar baƙi ta ce min wai da wannan zan san duk maganin da jikina ba ya so. Wallahi ba haka ba ne. Borin jinin penisilin da ke tasowa cikin mintuna hanyarsa daban, gwajin nan bai gan shi ba. Kuma akasarin masu 58:01 ko sun sha allopurinol ba abin da ke samunsu, haɗarinsu ne dai ya fi na sauran nesa ba kusa ba, wanda ba shi da shi ma ba wai an ba shi garanti ba ne.

Don haka tauraro uku da rabi cikin biyar. In maganin da za a ba ka yana cikin waɗannan 'yan ƙalilan, yi. In don son sani ne kawai, riƙe kuɗinka.

Ni dai da miligiram 100 aka fara min, aka ce in sa ido sosai wata biyun farko, ƙuraje ko zazzaɓi ko gyambon baki in tsayar in zo. Kullum da safe sai na buɗe baki a madubi, har yara suka fara kwaikwayona.