Kribi: daɗin garin yana bakin ruwa, ba a ɗakin otal ba

Duk wanda zai je hutu Kribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, shawarata ita ce kada ya zuba kuɗinsa a kan ɗaki mai tsada. Ya nemi wuri mai tsabta, mai ruwa, mai janareta, sauran kuɗin ya ajiye su don kifi da kwale-kwale. Ni da iyalina mun je a watan Disamba, lokacin da ruwan sama ya ɗauke kuma garin ya cika da baƙi daga Duwala da Yawunde, kuma abin da muka gani ke nan.

Daga Ngaundare jirgin ƙasa na dare muka bi zuwa Yawunde, daga nan muka shiga bas ta hanyar Edeya. Tafiya ce mai gajiyarwa ga mai yara, amma da zarar hanya ta fara bin gefen teku, ga itatuwan kwakwa ga farin yashi, sai ka ji yaran da suka yi ta ƙorafi sun yi tsit suna leƙe ta taga. Kribi ne babban garin yankin Océan a jihar Kudu ta Kamaru, yana daidai inda kogin Kienké ke shiga Tekun Atlantika.

Otal ɗin da muka sauka ba zan faɗi sunansa ba. Hotunan da ya sa a intanet sun fi shi kyau nesa ba kusa ba. Ɗakin yana da faɗi, ma'aikatan kuma mutanen kirki ne, amma danshin teku ya ci ƙarafunan banɗaki, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ne idan ta ga dama, kuma da aka ɗauke wuta da dare sai da aka jima kafin a tayar da janareta. A arewa mun saba da zafi busasshe. Na Kribi mai ɗanko ne, kana zaune gumi na bin ka, don haka rashin wuta a can ba ƙaramin abu ba ne. Karin kumallon da aka haɗa cikin kuɗin ɗaki burodi ne da shayi da ɗan ƙwai. Ga sauro, a tafi da gidan sauro ko magani.

Abin da ya biya ni wahalar tafiya shi ne kasuwar kifi ta bakin kogi, wadda kowa a garin ke kira debarkader. Ranar Asabar muka fara zuwa, muka tarar masunta na shigowa da jiragensu, mata 'yan kasuwa na tarbar su tun kafin su ɗaure. Ana zube kifin a gabanka, wasu ma ba su gama motsi ba: wanda suke kira bar, da sol mai faɗi, da barakuda, da manyan kaguwa, da jatan lande da tsawonsu ya kai tafin hannu. Tsarin wurin ya burge ni ƙwarai. Kai da kanka za ka zaɓa, ka yi ciniki, sannan ka miƙa wa ɗaya daga cikin matan da ke gashi a gefe, ka biya ta ladan aikinta daban. Za ta wanke, ta tsaga, ta shafe shi da haɗin citta da tafarnuwa da kayan ƙamshinsu, ta ɗora a kan gawayi. Ana kawo shi da soyayyar agade ko miyondo, wato rogon da aka jiƙa aka niƙa aka naɗe a ganye aka dafa, da ɗan yaji mai zafin gaske a gefe. Na sha cin kifin Binuwai da na dam ɗin Lagdo, kuma ba na raina su, amma kifin teku da bai kwana ba wani abu ne daban. Maiɗakina, wadda ba ta cika son kifi ba, ita ce ta ce mu koma washegari.

Sai dai a yi ciniki tun kafin a taɓa kifin, a kuma tsayar da kuɗin gashi tun kafin a hura wuta. Da an ga baƙo farashi kan tashi, wanda kuma bai jin Faransanci zai fi shan wahala. Ana sayar da giya a fili a rumfunan, da yamma kuma kiɗa kan yi yawa, don haka mai iyali ya je da rana. Batun abinci bai dame mu ba tunda kifi ne. Da muka yi marmarin nama, 'yan uwanmu na arewa masu tsire muka nema, su ne ma suka nuna mini masallacin da na yi Juma'a.

Wata rana kuma muka hau babur zuwa inda kogin Lobé ke zubowa, kimanin kilomita 7 kudu da gari. Ruwan yana gangarowa ne daga kan duwatsu ya faɗa teku kai tsaye, abin da ba kasafai ake gani ba a duniya, shi ya sa Kamaru ta sa wurin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin wuraren gado na duniya tun 2006. Tsayinsa bai kai yadda wasu ke zuzutawa ba, faɗinsa ne abin kallo. Masu kwale-kwale na kai mutum har kusa, inda feshin ruwa ke jiƙa fuska. Na nemi rigar kariya ga yara, sai da aka zagaya kafin a samo. Kada kowa ya ji kunyar dagewa a kan wannan.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. Masu kwale-kwalen kan yi tayin su hau da kai kogin zuwa zangon mutanen Bagyeli, mazauna daji tun asali. Tafiyar kanta tana da kyau, ruwa shiru, dogayen itatuwa sun rufe sama, ga tarkunan jatan lande da aka saƙa jere a gefe. Amma da muka isa, sai na ga an tara mutane su yi rawa don baƙi su ɗauki hoto, a miƙa musu ɗan abin da ya sawwaƙa, alhali babban kuɗin yana aljihun wanda ya kawo mu. Dattawa ne da mata masu goyo, mutane masu daraja da dajinsu ke ƙara ƙanƙancewa saboda gonakin roba da na kwakwar manja. Ban ɗauki hoto ba, kuma ba na ba kowa shawarar wannan ziyara sai idan ya tabbatar kuɗinsa hannunsu zai shiga.

Da la'asar a cikin gari a je wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, a bakin Kienké. Da duhu ya shiga za a hango fitilu can cikin teku. Nan ne ƙarshen bututun mai tsawon kilomita 1,070 da ke ɗauko man Chadi daga yankin Doba tun 2003. Tun 2018 kuma babbar tashar jiragen ruwa ta fara aiki a kudancin garin, shi ya sa manyan motoci suka yi yawa a hanya, ɗakunan kwana ma suka ƙara tsada.

Game da wanka, tekun nan ba tafki ba ne. Igiyar ruwa na ja da ƙarfi a wasu wurare, kuma inda muka yi wasa ban ga mai tsaron masu iyo ba. A tambayi masunta inda ya dace, kada a saki hannun yaro. Matan da ba sa son cunkoso da idon jama'a su nufi Londji a arewa ko Grand Batanga a kudu da sassafe, wurin kusan nasu ne su kaɗai.

Zan koma, in Allah ya yarda, amma a tsakiyar mako, kuma zan sauka a ƙaramin masauki kusa da kasuwar kifi. Ina so tafiyar ta dace da 9 ga Mayu, ranar da Batanga, masu garin, ke bikin tunawa da dawowar kakanninsu daga gudun hijirar yaƙin duniya na farko, ko da kuwa a lokacin damina ta riga ta sauka.