Hattara da masu tallar motar rimot mai hawa duwatsu a intanet

Jama'a, ku da kuke wasa da motocin rimot masu hawa tudu da duwatsu, da ku iyayen da yara suka addaba da a sayo musu, ku ɗan tsaya kafin ku danna wurin biyan kuɗi. An yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ni ba sabon shiga ba ne a wannan wasa.

A shafin sada zumunta tallar ta fito mini. Bidiyo ne na kamar rabin minti: mota tana rarrafe a kan duwatsu, taya ɗaya ta ɗage sama, sauran uku sun kama ƙasa gam, ta faɗa rafi, ta fito tana ɗigar ruwa ta ci gaba abinta. Ina gani na gane ta. TRX-4 ce ta kamfanin Traxxas na Amurka, wadda ta fito a 2017, mai ma'aunin 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske. Bidiyon wani mai wasa suka sato, suka shafe sunan kamfanin. A ƙasa an rubuta wai shago za a rufe, ana karyar da kaya, ga wani agogo yana ƙirga mintocin da suka rage. Kuɗin bai kai ushirin abin da na san ana sayar da ita ba. Zuciyata ta ce akwai lauje cikin naɗi, kwaɗayi ya ce ƙila kwantan kaya ne. Na bi kwaɗayi.

Bayan mako biyar saƙo ya iso, ba ma a kwali ba, a cikin leda. Motar da na gani a bidiyo tsawonta ya haura rabin mita, nauyinta ya wuce kilo uku. Wadda na zaro daga ledar kuwa a tafin hannuna ta zauna, har da sauran wuri.

Ƙanƙanta kaɗai ba aibi ba ce, kada wani ya fahimce ni a baibai. Akwai ƙananan motoci na gaske, kamar SCX24 ta kamfanin Axial mai ma'aunin 1/24, wadda za ta hau tarin duwatsu ka riƙe baki. Bambancin yana ciki. Mota mai hawa dutse ba gudu ake nema a wurinta ba, natsuwa ake nema. Idan ka ɗan taɓa totur, a hankali za ta motsa, idan ka ɗan murɗa sitiyari, daidai gwargwadon murɗawarka tayoyin za su karkata. Da wannan ake ɗora taya a kan gefen dutse kamar mai taka tsani. Tayoyinta huɗu duk suna ja, robarsu mai laushi ce da soso a ciki don ta lanƙwashe ta kama dutse, sifirin ɗinta kuma da mai a cikin bututunsa, shi ya sa ba ta tsalle kamar kwaɗo. Ita TRX-4 har daga rimot kake kulle tayoyinta su juya tare, ka kuma sauya giya tsakanin babba da ƙarama. Tawa fa? Ko dai ta tsaya cik ko ta zabura. Sitiyari ko dama ƙarshe ko hagu ƙarshe, babu tsakiya. Tayoyin baya ne kawai ke juyawa, robar kuma tauri kamar murfin kwalba. Abin da ya yi kama da sifirin ashe zane ne aka zuba tare da gangar jikin. Rimot ɗin ma na tsohon yayi ne mai dogon eriya, mai aiki da zangon rediyo na 27MHz, alhali motocin kirki na yanzu da 2.4GHz suke aiki.

Damfarar ta ainihi bayan isowar kaya take farawa. Ba don tausayi suke aiko maka da wani abu ba, sai don lambar bin diddigin saƙo ta nuna an miƙa maka kaya, su samu hujja idan ka kai ƙara. Da na rubuta musu, amsa mai daɗi ta zo: haƙuri suke ta ba ni, wai in riƙe motar su mayar mini da kashi goma cikin ɗari. Na ƙi. Bayan kwana huɗu suka ce kashi ashirin. Na ce kuɗina nake so duka, suka ce to in mayar da kayan wata ƙasa mai nisa da kuɗin aljihuna, kuɗin aikawar kuwa ya fi na motar. Duk wannan ja-in-ja ɗin cin lokaci ne, so suke wa'adin kai ƙara ya wuce. A PayPal, wato manhajar biyan kuɗi ta intanet, misali, akwai ƙayyadadden wa'adin kai ƙara, kuma idan ka yarda ka tura kuɗi ta ɓangaren 'yan'uwa da abokai, babu wata kariya da za ka samu. Duk mai sayarwar da ya nace sai ta can, ka ja jikinka. Ni da na farga, hotunan tallar da na abin da ya iso na haɗa, na kai wa masu katin da na biya da shi, ban sake kula saƙonsu ba.

Sai batir, wanda shi ne ya fi tsorata ni. Wani ɗan ƙulli ne a naɗe da leda shuɗiya, babu sunan kamfani, babu komai. Batirin LiPo na gaske, wato irin batirin caji da ake sa wa waɗannan motoci, yana zuwa da bayaninsa a jiki: kowane ɗaki, wato ƙwayar batir guda da ke cikinsa, ƙarfin wutarsa 3.7V, mai ɗaki biyu 7.4V, mai uku 11.1V, kuma da caja mai daidaita ɗakunan ake cika shi, kada ɗaya ya wuce 4.2V. Irin wannan batir idan ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta. Nasu a caji na biyu ya yi zafi har ban iya riƙe shi ba. Ban sake jona shi ba, kuma kada ku bar yaro ya kwana da irinsa a jone.

Kafin ku biya, ku tambayi sunan kamfani da samfurin motar, da tsawonta a santimita, da inda ake samun kayan gyaranta, don motar da ake wasa da ita a kan dutse dole wata rana ta karya wani abu. Ku ce a ɗauko muku bidiyonta kusa da takarda mai ɗauke da kwanan watan yau. Ɗan damfara a nan yake ɓacewa.

Motar dai na cire batirin na ba ɗan ƙanwata yana turawa da hannu. Jiya kuma tallar ta sake fito mini: sabon sunan shago, bidiyon nan dai na rafi, agogon yana nan yana ƙirga mintocin da suka rage a rufe.