Bitar rubuta maƙalar bincike a Samaru: ta biya kuɗinta, amma a je da daftari

Akwai bitar kwana uku da wani kamfani mai zaman kansa ke shiryawa a Samaru domin malaman jami'a da ɗaliban digiri na uku masu bincike kan muhalli da ci gaba mai ɗorewa. Abin bincike bai yi wa Zariya ƙaranci ba: ga zaizayar ƙasa a bakin Kubanni, ga noman rani a fadamar Galma, ga ƙudujin da ke kashe dawa. Inda gizo ke saƙar shi ne fitar da aikin a mujallar da masana ke tantancewa.

Ranar farko ta fi kowace amfani. Kowa zai buɗe kwamfutarsa ya nemi mujallar da yake so da hannunsa a jerin Scopus da DOAJ, rumbunan intanet masu tattara sunayen mujallun da aka tantance, ya duba ko lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, ta yi daidai, kada ya ruɗu da tambarin da mujalla ta manna wa kanta. A nan ake gane na bogi, masu turo imel da alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya. Tantancewa ta gaskiya takan ɗauki watanni, kuma galibi masana biyu ko uku ne ke karanta aikin.

Rana ta biyu ta tsarin maƙala ce. Ana matse taƙaitawa zuwa kalmomi 250 ko ƙasa, a buɗe wa kowa lambar ORCID ta shaidar mai bincike, a koya masa jera madogara da manhajar Zotero. Gyara ɗaya mai muhimmanci: ambaton muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 a gabatarwa bai wadatar ba. Mai binciken ruwa ya kama muradi na 6, na ruwa da tsafta, ya nuna abin da sakamakonsa ya ƙara a kai. Darasin amsa wa masu tantancewa ma ya yi kyau ƙwarai. Tebur ne mai gida uku: abin da suka ce, amsarka, sai shafi da layin da ka gyara. Ko ba ka yarda da su ba, ka kawo hujja cikin ladabi.

Inda bitar ta gaza shi ne alƙaluma. Awa biyu kacal aka ba su, alhali a nan editoci ke yawan mayar da aiki. Mutum ya yi hira da manoman ƙauye ɗaya, ya yanke hukunci kan Arewa baki ɗaya, bai kuma faɗi yadda ya zaɓe su ba. Wannan na bukatar yini guda. An kuma taɓa maganar kuɗin bugawa sama-sama, ga shi a manyan mujallu yakan haura dala 2,000, kuma rangwame tun lokacin aikawa ake nemansa.

Wanda ya zo da daftari zai koma da shi cike da jan biro. A taho da data da abin caji, intanet ɗin zauren ba ta ɗaukar jama'a.