Moodle wajen horar da ma'aikata a Makka da Jidda: inda yake aiki da inda yake tuntuɓe

Kamfanonin shara, otal-otal da gidajen abinci a Makka da Jidda suna ɗaukar Hausawa da yawa, kuma kafin lokacin Hajji ko Umarar azumi sai an horar da sababbin ma'aikata cikin 'yan makonni. Manhajar koyarwa ta intanet da aka fi kawo sunanta idan ana neman ta kyauta ita ce Moodle, wadda Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002. Hukuncinmu a kanta shi ne tana da ƙarfi sosai, amma da ɗalibin jami'a a zuciya aka gina ta. Idan aka bar ta yadda ta zo, mai gyaran ɗaki da ke duba darasi a wayarsa cikin motar kamfani ba zai wuce shafi na biyu ba.

Matsalar farko tun a rajista take. Ana iya loda sunayen ma'aikata gaba ɗaya da fayil ɗin CSV, wato jadawalin sunaye irin na Excel, amma dole kowane layi ya ƙunshi sunan shiga, suna, sunan mahaifi da imel. Leburori da yawa WhatsApp kawai suke da shi, don haka ko dai kamfani ya buɗe musu imel, ko mai kula da shafin ya kunna damar da ke barin mutane da yawa su yi tarayya a imel ɗaya. Sunan shiga ya zama lambar aiki, kada a yi amfani da lambar igama (katin izinin zama a Saudiyya), domin dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki tun Satumban 2023. A kuma adana fayil ɗin a tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba sunayen Larabci da haruffan ɗ, ƙ da ɓ za su fito kamar tsutsotsi.

Inda Moodle ya ci tuta shi ne manhajarsa ta waya. Ma'aikaci zai sauke kwas ɗin da wayifai na masauki, ya yi karatu babu intanet, sakamakonsa ya tafi da zarar ya sake haɗuwa. Sai dai wannan yana da sharuɗɗan da ba a cika faɗa ba. Bidiyon da aka jingino daga YouTube ba ya sauka. Sai an loda shi cikin kwas ɗin kansa. Jarrabawa ba ta yiwuwa babu intanet sai an kunna mata wannan damar, an cire ƙayyadadden lokaci, sannan an zaɓi a nuna sakamako bayan an gama duka tambayoyin. Darasin da aka sayo a tsarin SCORM (tsarin da ake ƙunshe shiryayyun darussan intanet a ciki) kuma, sigar 1.2 ce ke tafiya lafiya. Ta 2004 ba ta da cikakken goyon baya, kuma nan ne ake samun mutum ya gama darasi amma rahoto yana cewa bai fara ba. Tsarin kyauta na manhajar wayar yana da iyaka kan yawan kwasa-kwasan da waya ɗaya za ta sauke da yawan wayoyin da sanarwa ke isa gare su, to a duba wannan kafin a yi wa manaja alkawari.

Tsarin darasin ya fi komai muhimmanci. A ɗauki dokar hana aiki a rana, wadda Ma'aikatar Albarkatun Ɗan'adam ke aiwatarwa daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, tsakanin ƙarfe 12 na rana da ƙarfe 3. Abin da aka saba yi shi ne a loda takardar PDF mai shafi goma da Larabci, a sa tambaya ashirin a ƙarshe. Ba wanda ke karantawa. Abokin da ya ci shi ke raba amsa. Abin da ke aiki shi ne bidiyon minti uku, an ɗauke shi a ainihin wurin aikin, da murya cikin Hausa, sannan a yi amfani da H5P, kayan aikin saka tambayoyi a cikin bidiyo, wanda ke cikin Moodle tun siga ta 3.9, a tsayar da bidiyon a wuri biyu ko uku a jefa tambaya. Misali: abokin aikinka ya daina gumi, jikinsa ya yi zafi, maganarsa ta rikice, me za ka fara yi? Wanda ya zaɓi a ba shi shayi ya huta sai bidiyon ya koma da shi daƙiƙa talatin baya, inda aka nuna a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a kira motar asibiti a lambar 997. Hausawan da aka haifa a Saudiyya galibi Larabci suke karantawa, waɗanda suka zo daga Kano ko Zinder kuma boko ko ajami, wasu ba ko ɗaya. Murya ce kaɗai ke haɗa su duka. Akwai maɓallin ɗaukar murya a cikin akwatin rubutu, amma minti biyu yake bayarwa sai an ƙara daga saiti.

A matse bidiyon kafin lodawa. Minti uku a ingancin hoto na 480p bai kamata ya wuce megabait 25 ba. Idan lodawar ta ƙi, yawanci ba laifin Moodle ba ne: PHP, harshen kwamfuta da aka gina Moodle da shi, yana zuwa da iyakar megabait 2 ga fayil ɗaya, sai an ɗaga saitinsa biyu, upload_max_filesize da post_max_size, tare.

Fuskar shafin ta gyaru tun siga ta 4.0 a 2022, Larabci yana tafiya daga dama zuwa hagu ba tangarɗa, amma har yanzu maɓallai sun yi yawa. A ɓoye kalanda, dandalin hira da duk abin da ma'aikaci ba zai taɓa ba.

Rahoto kuwa nan ne rauninsa. Mai sa ido yana son ya ga a shafi ɗaya su wa suka gama a reshen Aziziyya, su wa suka rage a Misfala (unguwanni biyu a Makka). Moodle na kyauta bai san reshe da shugaban sashe ba. Sai a yi dabara da rukuni-rukuni, ko a biya kuɗin Moodle Workplace, wanda ta hannun kamfanonin da aka ba lasisi kawai ake samunsa. Takardar shaida ma sai an ƙara mata manhaja ta daban, kuma ba ta maye gurbin shahadar lafiya ta baladiyya (hukumar birni) da ake nema daga masu aikin abinci. Sannan akwai aikin bayan fage da ake kira cron, wanda ya kamata ya riƙa gudana duk minti ɗaya a kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Idan ya tsaya, saƙonni ba sa fita, alamar kammala kwas ba ta canzawa, kuma shafin yana ci gaba da buɗewa lafiya lau, don haka ana iya mako guda ba a lura ba. Kamfanin da ba shi da ma'aikacin da zai riƙa duba wannan da sabunta sigar, gara ya yi hayar shafin daga MoodleCloud, inda kamfanin Moodle da kansa ke kula da shafin, ya biya kuɗin shekara.