Sharhi Kan Kundin Farko Na Superman: Son of Kal-El

Kamfanin DC Comics na Amurka ya fara fitar da jerin littattafan zane mai suna Superman: Son of Kal-El a watan Yulin 2021, inda Tom Taylor ya rubuta labarin, John Timms kuma ya zana mafi yawansa, daga baya aka haɗa fitowa shida na farko cikin kundi guda. Jarumin labarin shi ne Jon Kent, ɗan Clark Kent (wato Superman na asali, mai suna Kal-El) da Lois Lane, wanda ya karɓi ragamar kare duniya bayan mahaifinsa ya tafi wata duniya mai nisa. Yana da kyau mai saye ya riƙe wannan tun da farko, domin da kamfanin ya sanar a ranar 11 ga Oktoba 2021 cewa Jon yana sha'awar maza da mata, kanun labarai da dama sun sa mutane sun ɗauka cewa tsohon Superman ɗin da aka sani tun 1938 aka sauya wa hali, alhali yana nan da matarsa yadda yake.

Ta fuskar aiki, kundin yana da abin yabo. Taylor ya gina labarin a kan tambayar abin da matashi mai irin wannan ƙarfi zai yi da matsalolin da naushi ba ya magance su, shi ya sa muke ganin Jon yana kashe gobarar daji, yana ceto 'yan gudun hijirar da suka tsere daga ƙasar Gamorra ta almara, har ma yana miƙa hannuwansa a saka masa ankwa tare da masu zanga-zanga. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda ya shiga jami'a da sunan aro da gashin aro don ya ɗanɗana rayuwar sauran matasa, amma tun ranar farko ya tare harsasan wani ɗan bindiga, asirinsa ya tonu a gaban ɗalibai. Zanen Timms yana da tsabta da motsi, ko da yake fuskokin samarinsa sukan yi kama da juna.

Shafin da ya tayar da ƙura yana cikin fitowa ta biyar, wadda ta fito a watan Nuwamba 2021. Jon ya galabaita bayan ya yi ta shawagi yana ceton jama'a ba hutu, sai Jay Nakamura, matashin ɗan jarida mai gashi ruwan hoda, ya lallashe shi ya kwanta ya huta, kuma bayan ya farka suka sumbaci juna. A nan raunin rubutun ya fito fili, domin mai karatu bai gama sanin Jay ba aka riga aka mai da shi masoyi, kuma dalilin da aka bayar, cewa abubuwa suna ratsa jikin Jay ba tare da sun cutar da shi ba don haka Jon ba ya fargabar a raunata shi, dabara ce mai kyau da ba a ba ta isasshen fili ba.

Martanin masu karatu ya rabu, kuma kuskure ne a zuba duk masu suka a kwando ɗaya. Akwai waɗanda suka ƙi abin saboda addini da tarbiyya, akwai kuma waɗanda suka ɗauke shi dabarar kasuwa, kamar ɗan wasa Dean Cain, wanda ya fito a matsayin Superman a talabijin cikin shekarun 1990, ya ce bin yayi ne kawai, musamman da yake wata biyu kafin nan kamfanin ya yi wa Tim Drake, wato Robin, mataimakin Batman, da aka ƙirƙira a 1989, irin wannan sauyi. Rukuni na uku, wanda na fi ganin ƙarfin hujjarsa, tsofaffin masu bibiya ne da tun tuni ransu ya ɓaci, saboda an ƙirƙiri Jon a 2015, sun so shi yana yaro ɗan shekara goma a jerin Super Sons, sai marubuci Brian Michael Bendis ya tsallake da shi zuwa saurayi a dare ɗaya. Su kuwa magoya baya sun kafa hujja da cewa halittar da ba ta wuce shekara shida a takarda ba ta fi sauƙin ɗaukar sabon salo fiye da Iceman na kamfanin Marvel, wanda ya shafe sama da shekara 50 kafin a sauya shi a 2015. Kamfanin DC dai ya ce odar fitowa ta biyar ta zarce ta farko, amma jerin ya tsaya a fitowa ta 18 a ƙarshen 2022, kowane ɓangare kuma ya fassara hakan yadda ya dace da ra'ayinsa.

Bangon kundin ba ya nuna wannan batu, kuma tambarin da ke ƙirjin jarumin zai iya sa uba ya saya wa ƙaramin yaro ba tare da ya buɗe ba, alhali an rubuta shi ne don matasa da manya, akwai soyayyar jinsi ɗaya a ciki da siyasar ƙaura da harbi a makaranta. Wanda yake son ganin Jon tare da Damian Wayne, ɗan Batman, suna rigimar ƙuruciya, Super Sons na Peter Tomasi da aka fara a 2017 ya fi dacewa da kuɗinsa.