Mullerthal, Rheinsteig ko Rennsteig: Wace Turba Ta Cancanci Kuɗinka da Ƙafarka?

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Jamus ko maƙwabtanta, kuma yake da sha'awar gudun motsa jiki a wajen gari, ba zai daɗe ba zai fara jin sunayen wasu turbobi da suke ratsa ƙauyuka da dazuzzuka da tsoffin garuruwa masu fadojin dutse. Uku daga cikinsu na taka da ƙafata, wato Mullerthal a ƙasar Luksamburg, da Rheinsteig a gefen kogin Rhine, da Rennsteig a dajin Thuringia, biyun nan duka a Jamus. Shiga kowacce kyauta ne, amma tikitin tafiya da masauki da takalmi suna cin kuɗi sosai, kuma hutun ɗalibi ko ma'aikaci ba shi da yawa, saboda haka ya kamata mutum ya auna kafin ya ɗaura jaka.

Ma'aunina na farko shi ne yadda zan bar turbar idan ƙafa ta ƙi, kuma a Rennsteig na koyi wannan darasi. Wata ranar Oktoba da aka kwana ana yayyafi, na taka wata jiƙaƙƙiyar saiwa a kan gangara, takalmin ya zame, na yi targaɗe a idon sawu. Na shafe kusan awa biyu ina ɗingishi da sandar da na karyo a daji kafin na isa wani titi mai tashar bas, kuma da na duba allon lokuta sai na ga motar ƙarshe ta ranar ta riga ta wuce. Tun daga ranar, kafin na kalli hoton wata fada ko wani kwazazzabo, sai na buɗe taswira na ƙirga tashoshin da ke kusa da hanya.

A wannan ma'auni babu wadda ta kama ƙafar Mullerthal. Tsawonta kilomita 112 ne, amma ba miƙaƙƙiyar hanya ba ce mai kai mutum wata uwa duniya. An raba ta zobe uku, kowane zobe tsakanin kilomita 30 da 40, kuma kowanne yana dawo da mai gudu inda ya faro, don haka yana iya barin kayansa a masauki ɗaya ya fita da gorar ruwa da ɗan abin taɓawa kawai. Alamar hanyar jan harafin M ne a jikin itatuwa da duwatsu, kuma alamomin suna kusa da juna har ba sai an riƙa ciro waya a kowace mararraba ba. Babban abin da ya sa na fifita ta shi ne tun daga watan Maris na 2020 shiga bas da jirgin ƙasa kyauta ne a duk faɗin Luksamburg, in ban da ajin farko na jirgi. Wanda ya gaji a garuruwan da ke kan hanyar, kamar Berdorf ko Consdorf ko Larochette, zai fito bakin titi ya hau mota ba tare da ya nemi tikiti ko canji ba.

Garin da ya fi dacewa a sauka shi ne Echternach, wanda ya fi kowane gari tsufa a ƙasar, kuma ya girma ne a kewayen gidan ibadar da wani malamin Kirista mai suna Willibrord ya kafa a shekarar 698. Kogin Sûre ne kaɗai ya raba shi da Jamus. Jirgin ƙasa ba ya zuwa garin, sai dai bas daga babban birni. Zobe na farko ya fi ratsa gonaki da lambunan 'ya'yan itatuwa, kuma shi ne mafi sauƙi ga mai son ya sake jiki ya yi gudu ba tsayawa. Zobe na biyu shi ne zuciyar yankin. Da fitowa daga Echternach hanya take hawa zuwa kwazazzabon Wolfsschlucht, inda bangayen dutsen yashi suke tsaye hagu da dama kamar katangar ganuwa, gansakuka ta lulluɓe su, sanyi yana fitowa daga tsagoginsu ko da rana tsaka. Kusa da Berdorf akwai kogon Hohllay, wanda har yanzu ana ganin zagayayyun shaidu a jikinsa inda magabata suka sassaƙo duwatsun niƙa. Wajen Consdorf kuwa akwai tsaga mai duhu da sai da tocila ake shiga, mutum yana bi kafaɗa a karkace. Zobe na uku shi ne na masu neman fadoji, domin yana bi ta Beaufort da Larochette, inda kangon tsohuwar fada yake zaune a kan dutse yana kallon kasuwar gari. A shekarar 2022 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren da take karramawa saboda tarihin duwatsunsu.

Tana da nata aibi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Matakalan dutse da na katako suna da yawa a zobe na biyu, har a wasu wuraren gudu yakan koma tafiya dole. A ƙarshen mako na watannin zafi jama'a sukan cika wajen magangarar ruwa ta Schiessentümpel, kuma ɗakin otal a Luksamburg yana da tsada. Maganin tsadar shi ne masaukan matasa da ke Echternach da Beaufort da Larochette, maganin cunkoson kuma shi ne fita bayan sallar asuba. Daga tsakiyar Oktoba ana farautar taron dangi a dazuzzukan, kuma idan aka ga allon da ya rufe hanya saboda farauta, to a juya.

Rheinsteig ta fi kowacce yawan fadoji. Kilomita 320 ce daga Bonn zuwa Wiesbaden, kuma a tsakanin Koblenz da Rüdesheim kaɗai akwai fadoji kusan 40, ciki har da Marksburg da ba a taɓa rushewa ba, da Pfalzgrafenstein da aka gina a tsakiyar kogi don karɓar kuɗin fito daga jiragen ruwa. Layin dogo yana bin gefen kogin, don haka fita daga turbar ba wuya. Abin da ya rage mata daraja a wurina shi ne hawa da sauka marasa ƙarewa a cikin gonakin inabi inda inuwa ta yi ƙaranci, ga ƙarar jiragen kaya tana tasowa daga kwari duk yini. Rennsteig kuwa kusan kilomita 170 ce a kan doron tsauni daga Hörschel zuwa Blankenstein, kuma idan aka bar fadar Wartburg da ke saman Eisenach, sai itatuwa iri ɗaya har ido ya gaji. Darajarta tana ga tseren da ake yi a kanta tun 1973, yawanci a watan Mayu, wanda mafi tsawonsa ya haura kilomita 73. Turbar Offa's Dyke da ke iyakar Ingila da Wales ba ta shiga lissafina ba, tunda sai an nemi wata bizar daban.

Yanzu sai maganar da ta fi damuna, wato jabu da damfara, domin targaɗen da na ambata ba laifin saiwa kaɗai ba ne. Takalmin da na saka ranar na saye shi ne a wani shafin intanet a kan kashi ɗaya cikin uku na farashinsa, da tambarin wani babban kamfani a jiki. Bayan na warke na ajiye shi kusa da na gaske na wani abokina, sai bambancin ya fito fili: robar ƙasan nawa tauri gare ta kamar ta bokiti, farce ba ya shiga, na abokin kuwa tana da laushi da danƙo. Gam ya ɓullo a gefen ɗinki, kuma lambar da ke cikin harshen takalmin ba ta yi daidai da ta jikin kwali ba. A kan kwalta busasshiya jabu zai iya yaudarar mutum wata da watanni, amma a kan jiƙaƙƙen dutsen Mullerthal minti goma ya isa ya tona asirinsa. A saya a shagon da za a iya gwadawa a kuma mayar, a nemi mai haƙoran ƙasa na milimita 4 zuwa 5, kuma a bar sararin babban yatsa a gaba saboda gangara.

Haka abin yake ga tikitin wata-wata na Jamus da ake kira Deutschlandticket, wanda mai zuwa Rheinsteig ko Rennsteig zai so ya mallaka. Ana tallar na bogi da rahusa a kafafen sada zumunta, kuma idan na'urar mai duba tikiti ta ƙi karanta shi, tarar yuro 60 ce ta hau kan fasinja. A saye shi daga kamfanin sufuri kai tsaye, a kuma tuna cewa yana sabunta kansa kowane wata, sai an soke shi kafin ranar 10 ga wata.

Mafi muni su ne dillalan da suke bin matasanmu a gida da alƙawarin takardar gayyata zuwa tseren Turai, suna cewa da ita biza ta tabbata. Rajistar tsere ana yin ta ne a shafin masu shirya tseren, kowa yana iya yi da kansa, kuma ba ta tilasta wa ofishin jakadanci ya ba da biza. Kuɗin bizar Schengen, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kuma ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Wanda aka kama da takardar bogi, bayanin ƙin ba shi biza yana shiga rumbun da duk ƙasashen Schengen suke dubawa, ya zauna a ciki har shekara 5. Duk dillalin da ya ce a tura kuɗi asusun wani mutum kafin ya nuna shaidar rajista da sunan mai gudu a kanta, a rabu da shi.

Kowace turba aka zaɓa, a duba jiki da dare saboda kaska, musamman bayan gwiwa da cikin safa, domin kaskar waɗannan dazuzzuka tana ɗauke da cuta, kuma kantunan magani suna sayar da ɗan maƙatar cire ta. Lambar neman agaji a ƙasashen biyu 112 ce, kuma a ƙauyukan Jamus shaguna a rufe suke ranar Lahadi, don haka a sayi guzuri tun Asabar.