Gargaɗi Kan Masu Tallan Ƙananan Jiragen Sama na Bogi a Intanet

Ana jan hankalin duk mai sha'awar mallakar ƙaramin jirgin sama irin wanda ake sayowa gunduwa-gunduwa a cikin akwati a harhaɗa a gida, cewa 'yan damfara sun daɗe da kutsawa cikin wannan kasuwa. Cikin jiragen da suke fakewa da su akwai masu tashi da sauka a ɗan gajeren fili, kamar CH 701 wanda Chris Heintz ya zana ya fito a 1986, da ƙanensa CH 750, waɗanda kamfanin Zenith Aircraft ke ƙera sassansu a jihar Missouri ta Amurka, sai kuma Kitfox na Amurka da Savannah na ƙasar Italiya. Kamfanonin nan na gaskiya ne, kuma ba su da hannu a cikin cutar. Sunansu kawai ake ara.

Hanyar da suke bi ba ta cika sauyawa ba. Macucin yakan kwashi hotunan wani jirgi na gaske daga tsohon talla, ya sake liƙa su a Facebook ko a shafukan cinikin jirage, ya sa farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Sannan ya ƙaga labari mai ban tausayi, wai mai jirgin ya rasu kafin ya gama haɗa shi, iyalinsa kuma suna neman rabuwa da kayan cikin gaggawa. Abin da ya sa labarin ke shiga zuciya shi ne, haɗa irin wannan jirgi yana cin ɗaruruwan sa'o'i, kuma da gaske mutane da yawa sukan gaji su sayar da aikin a rabi. Da zarar ka nuna sha'awa, sai a ce akwai wani mai saye da ke jira, don haka ka tura kafin alƙalami yau ta Western Union ko kuɗin kirifto. Bayan nan kuɗin kwantena zai biyo, sai na inshora, sai na kwastan, har ranar da lambar wayar za ta daina shiga.

Akwai tarkon da ya fi kama masu ganin sun yi bincike. Jiragen Amurka suna ɗauke da lambar rajista mai farawa da harafin N, kuma kowa yana iya duba ta a rumbun bayanan FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka. Mai saye sai ya duba, ya ga jirgin yana nan da sunan mai shi, hankalinsa ya kwanta, alhali macucin ma daga wannan rumbu ya kwafo sunan. Rajistar tana tabbatar da cewa jirgin yana duniya, amma ba ta tabbatar da cewa wanda kake magana da shi ne mai shi ba. Haka batun inji yake: sabon Rotax 912 mai ƙarfin doki 100 ya haura dala 20,000 shi kaɗai, saboda haka wanda ya ce zai ba ka jirgi da injinsa a ƙasa da wannan kuɗi, mai yiwuwa babu kayan, ko kuma injin na sata ne, domin an sha sace irinsa a ƙananan filayen jirage na Turai.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka nemi lambar da kamfani ya ba kayan da lambar injin, ka tuntuɓi kamfanin da dillalin Rotax kai tsaye. Ka buƙaci a yi kiran bidiyo a gaban kayan, a buɗe maka littafin tarihin injin shafi-shafi, sannan ka ɗauki makanikin jirgi wanda kai ka zaɓa ya je ya gani da idonsa. Kada ka yarda da kamfanin riƙon amanar kuɗi da mai sayarwa ya kawo maka, domin sau da yawa shi ne ya buɗe shafin. Mai niyyar shigo da jirgin Najeriya kuwa, ya fara zuwa NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ya ji sharuɗɗan izini da rajista, tun kafin maganar ciniki ta taso.